Yadda ake neman lamunin bankin EXIM don kayan da soja da farar hula ke amfani da su

Dokar Amurka ta hana EXIM, bankin gwamnati mai tallafa wa fitar da kayan ƙasar, sa kuɗi a cinikin kayan yaƙi. A 1994 aka buɗe ƙofa ɗaya: kaya masu amfani biyu, wato na soja da na farar hula, muddin ba na kisa ba ne, kuma akasarin aikinsu na farar hula ne. Ta nan gwamnatin Kamaru ta samu injinan gine-gine a 2012, waɗanda injiniyoyin sojanta ke aiki da su, Meziko kuma ta samu taurarin ɗan'adam.

In ku ne masu sayen irin waɗannan kaya daga Amurka, da farko ku tantance wanda zai riƙe kayan. Bankin ba sifar kaya kaɗai yake dubawa ba, har da hannun da za su shiga. Katafila ko gireda, in dai rundunar soja ce mai saye, ana lissafa ta cikin kayan soja har sai an nuna akasin haka. Don haka ku faɗi wannan tun a takardar neman lamuni. Ɓoye shi babban kuskure ne, domin in injiniyoyin bankin suka gano daga baya, duk sauran bayananku sun shiga zargi.

Sai lasisin fitarwa, wanda aikin mai sayarwa ne. Zai nemo lambar ECCN ta kayan, wato lambar rukuninsu a jerin kayan da Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ke sa wa ido wajen fitarwa, ya ga ko ƙasarku na buƙatar izini. In kayan suna cikin jerin makamai na Ma'aikatar Harkokin Waje, magana ta canja gaba ɗaya. Amincewar bankin ba ta maye gurbin lasisi.

Ku tanadi kafin alƙalami na kashi 15 cikin 100, don bankin ba ya ɗaukar fiye da kashi 85 na kuɗin kwangila. Ku kuma bar sarari a jadawalinku: dole a sanar da Majalisar Dokokin Amurka aƙalla kwana 15 kafin hukumar bankin ta yanke hukunci, kuma jimillar irin wannan ciniki ba ta wuce kashi 10 na abin da bankin ke da ikon bayarwa a shekara.

Wahalar gaske tana zuwa ne bayan kaya sun iso. Yarjejeniyar lamuni za ta wajabta muku rahoton ci gaban aiki, da rahoton yadda injinan ke gudana, da takardar shaida duk shekara cewa farar hula ne suka fi amfana. Injiniyan bankin zai duba su, yana iya zuwa ya gani da idonsa. A nan ne ofishin GAO, mai bincike a madadin Majalisa, ya taɓa samun takardu sun makara ko ba su zo ba sam, har bankin ya tsaurara ƙa'idar bibiya.

Maganin wannan shi ne littafin aiki ga kowane inji tun ranar farko: lambar jikinsa, inda yake, aikin da ya yi, da sa'o'in da ya shafe. Ga tauraro kuwa, a rubuta kason da soja ke ci da na sauran ma'aikatu. Ku ɗora alhakin a kan ofishi guda, ba a kan jami'i ɗaya ba, domin sauyin wurin aiki a soja ba ya jira, kuma wanda ya gaji kujerar sau da yawa bai san ranar da rahoto ya kamata ya tafi ba.