Yadda ake zaɓen wurin ɗora makunnin ɗumama kujera a motar haɗa-da-kanka

Yawancin masu haɗa mota a karon farko sukan zaɓi wurin makunnin ɗumama kujera suna tsaye a gefen motar, su ga fili a jikin dashbod, su ɗauko diril su huda. Ramin da aka huda a alminiyam ko fayiba kuwa ba ya komawa, shi ya sa nake ganin wajibi ne a yanke wannan shawara a zaune cikin kujera, da bel a ɗaure. Ba zan tsaya kan shimfiɗa faifan ɗumin a ƙarƙashin rigar kujera ba, domin takardar da ke zuwa da kayan ta wadatar.

Da farko ka ɗaure kujerun biyu a inda za su zauna na dindindin, ka sa sitiyari, sandar giya da birkin hannu. Ka shiga ka ɗaura bel, ka ja shi sosai kamar za ka hau hanya. Motoci samfurin Lotus Seven, irin su Caterham da Westfield, galibi ana sa musu bel mai maɗauri huɗu, wanda yake manne kafaɗunka da bayan kujera, ba ya sakuwa kamar bel ɗin motar gida. Da zarar ka ɗaura shi za ka tarar rabin dashbod ya fi ƙarfin hannunka. Ka yanki ƙananan salatif na takarda, ka manna a duk inda yatsanka ya kai ba tare da kafaɗarka ta ɗaga ba, kuma ka sa safar hannu yayin gwajin, tunda a lokacin sanyi ake buƙatar makunnin. Sannan ka zaunar da wani a kujerar fasinja ya yi irin haka, domin shi ma ya kamata ya iya kashe nasa da kansa idan zafin ya yi masa yawa.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi faɗuwa a kansa, kuma ni ma a nan na yi asara. Tudun tsakiya da ke rufe farfela, wato sandar da ke juya tayoyin baya, yana jan hankalin kowa, saboda yana kusa da hannu, kuma wayar da za ta tafi kujera gajera ce. Na huda nawa a bayan sandar giya kaɗan, sai ya zama duk lokacin da na ja giya ta biyu ko ta huɗu gwiwar hannuna tana danna makunnin, ban sani ba har sai bayana ya ɗau zafi. Ranar da ruwan sama ya same ni ba rumfa, ruwa ya kwanta a kan makunnin da ke kallon sama, ya sauka cikinsa, bayan 'yan makonni tsatsa ta cinye bakin wayoyin. Dole na sake yanka sabon murfin tudun gaba ɗaya. Saboda haka kafin ka amince da kowane salatif, ka shiga kowace giya har da ribas, ka ja birkin hannu ka sake shi, ka juya sitiyari iyakarsa hagu da dama, ka kuma fita ka sake shiga sau da yawa kana lura da inda gwiwarka da ƙarfen bel suke gogawa. Duk alamar da jikinka ya taɓa, ka ɓare ta.

A wurina doka ce: a motar da ba ta da rufi, makunni ba ya kallon sama. A ɗora shi a fuskar da ke tsaye, ko dai a ƙasan tsakiyar dashbod ko a ɗan allon da ke gaban sandar giya, inda za ka ga ƙaramar fitilarsa da gefen ido ba tare da ka kawar da kai daga hanya ba. Gefen kujera ta wajen ƙofa ba ya burge ni ko kaɗan, domin a irin waɗannan motoci da ƙyar tafin hannu ke shiga tsakanin kujera da bango, kuma ba za ka ga ko a kunne yake ba. Makunni mai shaidar IP65, wato mai jure ƙura da feshin ruwa, ya ɗan fi tsada, amma bambancin bai kai kuɗin sabon murfi ba.

Bayan ka rage wurare biyu ko uku, ka leƙa bayansu da tocila. Zagayayyen makunnin da ke zuwa da yawancin kayan yana shiga ramin milimita 20, amma jikinsa da bakin wayoyinsa suna buƙatar wajen santimita 4 a baya. Ka tabbata ba bututun firam a wurin, ba wayar birkin hannu, kuma wayoyin ba za su kusanci farfela mai juyawa ko zafin giyabos ba. Wanda zai kai motarsa gwajin IVA a Birtaniya, wato binciken da hukuma ke yi wa irin wannan mota kafin a yi mata rajista, ya tuna cewa ana duba kaifin abubuwan da ke cikin mota, inda ake son gefensu ya kasance da lanƙwasa ta aƙalla milimita 2.5, don haka dogon makunnin ƙarfe mai tsini zai iya jawo masa matsala. Ka auna tsawon wayar da ta zo da kayan ma, tun kafin huji, domin sau da yawa ba ta kai dashbod ba sai an yi mata ƙari.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Ka huda ƙaramin rami tukuna, ka faɗaɗa shi da bakin diril mai hawa-hawa, ka goge kaifin. Wutar ta bi ta rile (makunnin da wuta ke kunna shi) da fis, daga layin da ke mutuwa idan an kashe mota, don kada batir ya ƙare cikin dare. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe ka sa zoben roba, sannan ka tura kujerar gaba da baya har ƙarshen layinta ka ga wayar ba ta miƙe ba, ba ta kuma maƙale ba, kafin ka ɗaure wayar.