Darasi na 7: Yadda Jiki Yake Ɗaga Kaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci a titin Bauchi, nan cikin Jos, ya ga wannan aiki. Taya ta kama wili kam, ko ƙato ba zai ɓamɓare ta da hannu ba. Sai mai faci ya ɗauko wani dogon ƙarfe mai faɗin baki, ya cusa bakin tsakanin taya da wili, ya danna ɗaya gefen. Nan take taya ta saki. Yaron shagon ma yana iya yi. Sunan ƙarfen nan liba.

Kowace liba tana da abubuwa 3. Akwai madogara, wato wurin da ƙarfen ya jingina yake juyawa. Akwai kaya, wato abin da ake son ɗagawa. Sai ƙarfi, wato wurin da hannu yake dannawa ko ja. Sirrin yana cikin nisa: iyakar nisan hannunka daga madogara, iyakar sauƙin aikin. Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ya bayyana lissafin fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Nauyin kaya sau nisansa daga madogara daidai yake da ƙarfi sau nisansa daga madogara.

'Yan baro na kasuwar Farin Gada ba su karanta wannan a makaranta ba, amma sun fi kowa aiki da shi. Ku lura da ɗan baro idan zai ɗora buhun dankalin turawa da aka kawo daga Bokkos. Yakan tura buhun can gaba, kusa da taya, domin taya ce madogara. Sabon shiga ne yake barin buhu wajen mariƙi, kuma kafin ya kai bakin titi kafaɗunsa sun gaya masa gaskiya.

To, jikinmu cike yake da liba. Babban mutum yana da ƙashi 206. Ƙashi shi ne ƙarfen, gaɓa ita ce madogara, tsoka ce take ba da ƙarfi. Tsoka kuwa ja kawai ta iya, ba ta turawa.

Mu fara da kai. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 4 zuwa 5, yana zaune a kan ƙashin wuya, kuma rinjayen nauyin yana gaba, wajen fuska. Tsokokin ƙeya ne suke jan sa baya duk wuni ba mu sani ba. Da gyangyaɗi ya kama mutum, tsokokin nan sai su saki, kai ya faɗo gaba. Wanda ya zo ajin dare bayan wunin kasuwa ya san abin da nake nufi.

Idan ka yi ɗage za ka ɗauko wani abu a saman kanta, yatsun ƙafa ne madogara, nauyin jikinka ne kaya, tsokar sharaɓa kuma ta ja dunduniya sama ta hanyar agara.

Hannu ne abin mamaki, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Kowa ya lanƙwasa hannunsa, ya taɓa cikin gwiwar hannu da yatsa. Za ka ji wata jijiya mai tauri. Ita ce ta ɗaure tsokar ƙwanji da ƙashin hannu, kuma nisanta daga gaɓa bai wuce wajen santimita 4 ba. Tafin hannu kuwa, inda kaya yake, yana wajen santimita 32 daga gaɓa. Mu yi lissafi tare: 32 a raba da 4, an sami 8. Ashe idan kana riƙe da bokiti mai kilo 5, hannu a lanƙwashe, ƙwanjinka yana jan kamar kilo 40. Wannan liba ta juya wa ta mai faci baya, ba ta rage wahala, ƙara ta take yi.

Sai mutum ya ce, to ina amfaninta? Amfaninta sauri. Tsoka ta ɗan motsa santimita 1, tafin hannu ya yi tafiyar santimita 8. Da haka ake jifa, ake shara, ake kai fartanya ƙasa da zafin nama. Da a wuyan hannu jijiyar take, da mun yi ƙarfi sosai, amma kai loma baki sai ya zama aiki.

Haka abin yake a gadon baya, kuma nan ne mutane suke cutar kansu. Tsokokin baya suna kusa ƙwarai da ƙashin baya, wajen santimita 5. Jarka mai lita 25 tana da ruwa kilo 25. Idan ka sunkuya ƙafa a miƙe, jarka tana can nesa da kai, nisan yana iya kaiwa santimita 50. Sau 10 ke nan, wato kamar kilo 250 a kan tsokokin ƙugu, ba a ma sa nauyin ƙirji da kai ba. Wani dattijo ɗan dako yakan ce wa yaran da suka shigo sana'ar: "Ɗana, matso da kayan jikinka, ka durƙusa, ka bar cinya ta yi aikin." Maganarsa ta yi daidai da lissafin. Ka matso har jarka ta taɓa ƙafarka, ka lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, sannan ka tashi. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafafunka. Mai ɗora tulu a kan gammo ma nisan ta rage, domin kaya ya hau daidai kan ƙashin baya, ko da yake wuya yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Aikin gida: ka zuba ruwa lita 2 a gora. Riƙe ta a ƙirji, ka ƙirga zuwa 30. Sannan ka miƙe hannu gaba da ita, ka sake ƙirgawa. Rubuta a littafinka lambar da ka kai kafin hannu ya fara rawa, da wurin da ka fara jin gajiya. Ka zo da littafin aji mai zuwa.