Yadda Ake Buɗe Hanyar Karɓar Gudummawa Ta Intanet

Kuskuren da na fi gani wajen sababbin shiga shi ne su fara shela kafin su gyara asusu. A yi ta yaɗa hoton rijiyar da za a haƙa, jama'a su tausaya, kuɗi su taso su tarar da ƙofa a rufe.

Fara da sunanka. Ɗauko BVN da NIN da takardar asusun banki, ka jera su, ka bi harafi-harafi. Mu dai mun san halin rubutun sunayenmu: nan Muhammad, can Mohammed, wani wurin sunan mahaifi ne a gaba. A nan na sha wuya. Muna tara kuɗin rufin wata Islamiyya, har sun fara shigowa, sai kamfanin karɓar kuɗi ta intanet da na yi rajista da shi ya riƙe su, wai sunan asusu bai dace da na shaida ba. Na je banki, aka ce sai takardar rantsuwa daga kotu. Na kawo, aka ce in dawo. Ga damina ta kawo kai, ga mai kwano yana kira safe da yamma, ga waɗanda suka bayar sun fara tambaya cikin ladabi, irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo. Duk a kan harafi biyu.

In suna ya daidaita, duba matakin asusun, domin banki na raba asusu mataki-mataki, kowane da iyakarsa. Na matakin farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, don haka ka ɗaga shi tun yanzu. Kuma kada ka haɗa kuɗin jama'a da na cefane, ware musu asusu. Idan ƙungiya ce, a yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, asusun ya fito da sunanta.

Sai zaɓen kamfanin da zai karɓar maka kuɗi ta intanet. Paystack ko Flutterwave, duk za su ba ka shafin biya da mutum zai rubuta abin da ya sawwaƙa. Ba kyauta ba ne fa: Paystack na cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100 a kuɗin cikin gida, sai dai ana yafe ɗarin idan kuɗin bai kai naira 2,500 ba. Na katin waje ya fi tsada. GoFundMe kuwa, shafin tara gudummawa na ƙasashen waje, kada ka ɓata datarka, ba ya buɗe wa mazaunin Najeriya, sai in kana da amintacce a ƙasa irin su Amurka ko Ingila da zai buɗe da sunansa.

Ni a dokata, lambar asusu tana nan a ƙasan sanarwa ko da akwai shafin biya, domin da yawa sun fi sabawa da turawa kai tsaye ko ta mai POS.

Kafin ka yaɗa, tura wa kanka naira 500, ka jira har ka ga ta sauka a banki. Sannan ka yi shela, ka sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo kullum.