Yadda za ka auna wane ɓangaren Legas ya fi cin fili, da hoton tauraron ɗan adam

Musu ne ya jawo rubutun nan. Muna zaune a Agege bayan la'asar, wani dattijo mai harkar filaye ya ce duk Legas babu inda gini ke gudu kamar Ikorodu, wani ya rantse Ibeju-Lekki ce, aka yi ta ja. Na ce Baba ai wannan ba abin musu ba ne, aunawa ake yi, kuma in ban da kuɗin data ko sisi ba za ka kashe ba.

In leƙawa kawai kake so, sauke Google Earth Pro a kwamfuta, akwai ɗan agogo a sama, ka danna ka ja baya ka ga unguwarku a shekarun da suka wuce. Yana da daɗin kallo amma ba awo ba ne.

Awo na gaske da hotunan Landsat ake yi, taurarin ɗan adam na Amurka. Tun 1972 suke ɗaukar duniya, kuma tun 2008 aka mayar da su kyauta, rajista kawai za ka yi a shafin EarthExplorer ka sauke. In ban da tsofaffin hotunan shekarun farko, kowane ɗigo na hoton, wato fiksel, mita 30 ne ta kowane gefe, murabba'in mita 900 kenan, kusan fuloti biyu irin namu na gida mai ƙafa 50 da 100. Kaga ba gidanka za ka hango ba, unguwa za ka gani. Akwai kuma Sentinel-2 na Turai mai mita 10, ya fi fitowa tas, sai dai a 2015 ya fara, ba zai kai ka baya sosai ba.

Toh wajen zaɓen hoto nan ne mutane ke faɗuwa. Legas gari ne na hadari, damina ta yi tsawo, sai ka buɗe hoto goma ka samu tara duk gajimare ne fari fat. Ka nemi na Disamba zuwa Fabrairu, shi ma ka duba da kyau don in hunturu ya sauko da ƙura hoton yakan yi hazo. Kuma duk shekarun da za ka gwada su zama lokaci ɗaya, kar ka ɗauko na rani a 2002 ka haɗa da na damina a 2022, ciyawa kaɗai za ta rikita maka lissafi. Sannan ka yi hattara da Landsat 7 daga tsakiyar 2003, wata na'ura ta lalace a jikinsa, hotunan suna zuwa da zane-zane baƙaƙe kamar an yaga. Na shekarun baya-bayan nan ka ɗauki Landsat 8 ko 9.

Sai ka buɗe QGIS, manhajar aikin taswira ce kyauta. Ka ɗora hotunan, ka ɗora taswirar ƙananan hukumomin jihar guda 20 a kai, ka tabbatar komai yana kan ma'aunin UTM 31N, wato ma'aunin taswira na yankin da Legas take, don lissafi ya fito da mita. Daga nan za ka koya wa kwamfutar: nan gini ne, nan ruwa, nan daji ko gona, nan fili ne tsirara. Kana zana mata 'yan samfura ita kuma ta bi sauran hoton ta rarraba. Ka zaɓi wuraren da ka sani da ƙafarka, rufin kwano mai tsatsa na Mushin daban yake fita da rufin sabbin estet na Ajah, in ba ka ba ta duka biyun ba za ta bar ɗaya a baya.

Wallahi ranar farko na sha kunya. Na gama na ga bakin teku duk ya zama gini, har na fara murna, ashe yashi ne. Yashi da siminti kusan kala ɗaya suke yi daga sama, kuma Legas ta cika da cikon yashi, dubi Eko Atlantic da aka ƙwato daga teku a wajen tsohuwar Bar Beach, ko yankin matatar Dangote lokacin ana share fili. Dole ka ware wa yashi gida nasa. Makoko kuma akasin haka, gidaje ne a kan ruwa, sai kwamfuta ta ce ruwa ne zalla.

Lissafin mai sauƙi ne. Ka ƙirga ɗigon gini a kowace ƙaramar hukuma ka ninka da 900. Misali in ka samu ɗigo 10,000, murabba'in kilomita 9 kenan. Ka yi wa tsohuwar shekara, ka yi wa sabuwa, ka cire, ka raba da yawan shekarun da ke tsakani.

Amma ka fitar da amsa biyu, yawan filin da aka ƙara da kuma kashi cikin ɗari, don in ka tsaya a kashi kaɗai wurin da ya fara da ɗan gini kaɗan sai ya ninka ya zo na ɗaya alhali wani ya cinye fili fiye da shi nesa ba kusa ba. Musun Baba ma daga nan ya taso, kowa da abin da yake aunawa a ransa. Agege da Mushin kuma za ka ga kamar ba su motsa ba, ba wai an daina shigowa ba ne, fili ne ya ƙare tun tuni, sai hawa bene da cusa ɗaki a tsakar gida, wannan kuwa Landsat ba ya gani.

Kar kuma ka yanke hoton daidai kan iyakar jiha. Duk mai bin hanyar Ibadan ya san gari ya daɗe da tsallakawa Ogun, Mowe, Ibafo, ga Sango Ota ta ɗaya gefen, mutanen can da asuba Legas suke shigowa aiki. Ka bar wa taswirarka rata ta haɗa da su, ka lissafa su daban.

Kafin ka nuna wa kowa, ka tsinci wurare kamar 100 barkatai, ka duba kowanne a Google Earth ka ga ko abin da kwamfuta ta ce shi ne a ƙasa. In kuskuren ya yi yawa ka koma ka ƙara samfura, musamman na yashin nan.