Yadda zaka fara amfani da Linux ba tare da ka rasa kayanka ba

Jama'a barkanmu. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafin da ya saba yi wa Windows 10, ita kuma Windows 11 sai kwamfutarka tana da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin inji, kuma in firosesonta na Intel ne ya zama zubi na 8 ko sama da haka, take yarda ta hau ta hanyar da ta dace, toh ka duba laftof ɗin tokumbo da mutanenmu suke saye a nan Kaduna, irin su HP EliteBook da Dell Latitude masu Core i5 zubi na 4 zuwa na 6, lafiyarsu kalau amma an bar su a baya. Irin waɗannan su ne Linux, wato sistem ɗin da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows, ya fi yi wa rana. Kyauta ne, babu maganar kirak balle wannan rubutun na Activate Windows da yake maƙale a gefen sikirin. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ƙwayarsa, wato zuciyar sistem ɗin da ake kira kernel, a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya saki lambobin kowa ya gani ya gyara, kuma idan wayarka Android ce dama kana yawo da ƙwayar Linux a aljihu.

Kafin ka ƙona data, zauna ka lissafa manhajojin da kake cin abinci da su. Idan kai mai zanen katin biki ne ko bana da CorelDraw ko Photoshop, ka sani ba sa hawa Linux kai tsaye, akwai Inkscape da GIMP a madadinsu amma hannu sai ya sake koyo, kuma in ka kai aiki wajen masu buga takarda fayil ɗin Corel zasu tambaye ka. Microsoft Office ma babu, LibreOffice ne a wurin, yana buɗe docx da xlsx amma wani lokacin tebur ko tazarar layi takan ɗan goce, saboda haka ɗan KASU ko Kadpoly mai rubuta furojet ya riƙa mayar da aikinsa PDF kafin ya kai a buga. Wanda aikinsa burauzin ne, YouTube, Zoom, rubutu, koyon kodin, shi kam babu abin da zai rasa.

Sai zaɓen wanda zaka ɗora, domin Linux kala-kala ne. Ni dai Linux Mint nake ce wa sabon shiga ya ɗauka, a kan wani Linux ɗin mai suna Ubuntu aka gina shi, kuma fasalinsa kamar Windows, menu a ƙasa ta hagu agogo ta dama. Mint 22 da ya fito a 2024 yana da tallafi har 2029. In RAM ɗinka giga 4 ne ko fiye ɗauki nau'in Mint mai suna Cinnamon, in giga 2 ne ɗauki Xfce ya fi sauƙin nauyi. Don Allah ƙannena ku rabu da nau'in Linux ɗin nan Kali, na san kowa ya ji wai da shi ake hakin, amma an yi shi ne don masu gwajin tsaron sistem waɗanda sun riga sun san hanya, wanda bai taɓa buɗe Terminal ba, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, in ya fara da shi wahala kawai zai sha ya fito yana zagin Linux.

Ka shiga linuxmint.com ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Mint gaba ɗaya, ya kusa giga 3, gara ka yi da datar dare ko wayifai na makaranta ko ofis, ko ka karɓa wajen wanda ka yarda da shi ya riga ya sauke. Ka sauke Rufus shima, manhajar da zata ɗora ISO ɗin a kan filash, ɗan ƙarami ne. Nemo filash giga 8, ka kwashe abin da ke ciki tukuna domin Rufus share shi zai yi tas. Soka filash, buɗe Rufus, danna SELECT ka nuna masa ISO ɗin, danna START, ka jira ya gama.

Yanzu maganar da bana so a tsallake. Kwashe kayanka. Hotunan biki, takardun makaranta, sikanin satifiket, karatuttukan malamai da ka tara, duk ka kwafe su zuwa wani filash ko diski na waje ko Google Drive, sannan ka buɗe biyu uku a can ka tabbatar sun kwafu da gaske. Ka duba ko BitLocker, wato makullin da Windows yake sa wa diski, a kunne yake, in a kunne yake ka rubuta lambar dawowarsa mai lamba 48 a takarda sannan ka kashe shi, ka kashe Fast Startup ma a cikin Power Options, domin shi yake hana Windows mutuwa gaba ɗaya sai ya bar diski a kulle.

Ka kashe laftof, filash yana jiki, ka kunna kana ta danna maɓallin zaɓen inda zata tashi. HP F9 ne, Dell F12, Lenovo ma galibi F12, wasu sai ka haɗa da Fn. Zaɓi sunan filash ɗinka, ka danna Start Linux Mint. Abin da zai buɗe maka cikakken Mint ne amma daga filash yake gudu, bai taɓa ko fayil ɗaya na Windows ba, in ka kashe ka zare filash komai yana nan yadda ka bar shi. Kamar gwada takalmi ne a Kasuwar Sheikh Gumi, ka sa ka taka kafin ka biya. Toh ka taka ɗin sosai, kar ka yi gaggawa. Haɗa wayifai ka ga ya gani, kunna bidiyo ka ji sauti, soka iyafis, ƙara haske ka rage, gwada kyamara da bulutut da wurin shafa yatsa, in kana da firinta jona ta. Zaka ji yana ɗan jan ƙafa, laifin filash ne. In wayifai ya ƙi fitowa, yawanci katin Broadcom ne, jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering, intanet zai zo nan take, daga baya Driver Manager zai kawo maka direban.

In komai ya yi, sa caja, ka tabbatar batir ya cika ko akwai janareta ko sola, kar a ɗauke wuta ana tsakiyar raba diski musamman masu laftof ɗin da batirinsu ya zama ado. Danna Install Linux Mint sau biyu. Zaɓi yare da kibod, sa alama a Install multimedia codecs, sai shafin da ya kamata ka karanta a tsanake. Install Linux Mint alongside Windows Boot Manager zai bar maka Windows ɗinka ya yanki wuri a gefe, zaka ga wani layi da zaka ja ka ba Mint rabonsa, giga 20 shi ne mafi ƙanƙanta amma in da hali ba shi 60 zuwa 100. Erase disk kuma share komai yake yi har da Windows. Something else ka bar wa gwanaye. Sabon shiga na farkon zai ɗauka. A taswira zaɓi Lagos, sa suna da fasawod wanda ba zaka manta ba domin kullum zaka ɗora manhaja sai ya tambaya. Ya gama zai ce ka rista ka zare filash.

Daga yanzu duk kunnawa zaka ga baƙin menu yana tambaya Mint ko Windows. Shiga Mint, buɗe Update Manager ka yi sabuntawa, buɗe Timeshift ka ɗauki hoton sistem yadda in wani abu ya lalace zaka koma baya. Manhaja kuma a Software Manager ake nema, VLC, Telegram da sauransu, an daina bin shafuka ana sauke exe. WhatsApp ta burauza zaka yi. Cikin saitin kibod akwai Hausa ta Najeriya, ƙara ta ka samu ƙ da ɗ da ɓ ba sai ka je kwafowa ba. Terminal kar ya tsorata ka, fara da sudo apt update sannan sudo apt upgrade, amma duk umarnin da wani ya turo maka a guruf baka san aikinsa ba kar ka liƙa, musamman mai rm a ciki, shi gogewa yake ba ya bi ta kwandon shara.

Wani abu da zai ɗaure maka kai, in ka fita daga Mint ka shiga Windows zaka iya tarar da agogo ya koma baya da awa ɗaya, har mutum ya zaci da sauran lokacin la'asar. Linux yana ajiye agogon inji a lokacin UTC, Windows kuma yana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Buɗe Terminal a Mint ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka shiga Windows ka gyara agogon sau ɗaya, shikenan.