Kiwon Kifin Bakan Gizo a Tankin Gilashi

Idan ka je sayen kifin ado ka tarar da kifin bakan gizo, da wuya ya burge ka. Za ka ga 'yan kifaye sirara masu ruwan azurfa, babu wani launin kirki, har ka ce anya su ne waɗanda ka gani a hoto? Su ne. Abin da ake sayarwa yawanci 'ya'ya ne masu 'yan watanni, kuma wannan kifi ba ya fitar da launinsa sosai sai ya kusa shekara, wani ma sai ya haura. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka tanadi tanki daidai da girman da kifin zai yi nan gaba, domin wanda zai ishe shi yau ba zai ishe shi baɗi ba.

Asalinsu koguna da tafkunan Ostireliya ne da tsibirin Niyu Gini da wasu ƙananan tsibiran gabashin Indunusiya. Ana gane su da fiffiken baya guda biyu, ƙarami a gaba, dogo a bayansa. Wanda ya fi shahara shi ne Melanotaenia boesemani, daga tafkunan Ayamaru a yammacin Papuwa, ɓangaren Indunusiya na tsibirin Niyu Gini, wanda masana suka ba shi wannan suna a 1980. Rabin jikin namijin na gaba shuɗi ne, na baya ruwan lemo, kuma yakan kai santimita 10 zuwa 11. Kyansa ya jawo masa: an kwashe shi da yawa daga tafkunan har ya shiga jerin halittun da ke fuskantar ɓacewa, don haka ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo. Akwai Glossolepis incisus na tafkin Sentani, namijin ja jawur, macen kuma mai ruwan zaitun, da Melanotaenia lacustris na tafkin Kutubu a Papuwa Niyu Gini, mai shuɗi-kore. Ni dai wanda nake ba sabon shiga shawara ya fara da shi shi ne Melanotaenia praecox na kogin Mamberamo. Ba ya wuce santimita 6 zuwa 7, yana saurin nuna launi, kuma ba sai ka sayi ƙaton tanki ba.

Wajen zaɓen tanki, tsawo ya fi zurfi muhimmanci. Kifi ne mai gudu, wuni yake yi yana kai da komo, mazan kuma suna korar juna. Ga manyan irinsu boesemani, kada tankin ya gaza santimita 120 a tsawo, wato wajen lita 200. Praecox zai zauna lafiya a mai santimita 80 zuwa 90. Ka sa murfi mai rufe ko'ina, domin in suka firgita tsalle suke yi, ƙaramar kafar da wayar hita (na'urar ɗumama ruwa) ta bi ta isa kifi ya fita. A ƙasa na fi son yashi ko tsakuwa mai duhu, saboda launinsu ya fi fitowa a kanta. Tsirran ruwa irin su valisneriya mai dogon siririn ganye da wanda ake kira Java fern ka jera su a baya da gefe, tsakiya kuwa ka bar ta fili.

Kada ka zuba kifi ranar da ka cika tankin. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a cikin filta, wato matatar ruwan tankin, kafin su riƙa mayar da ita naitirait (nitrite), shi ma guba ne, daga nan zuwa naitiret (nitrate) mai sauƙin illa. Wannan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ka kunna filta, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi a ruwan, kana aunawa da kayan gwaji. Ranar da amoniya da naitirait suka koma sifili, tankin ya shirya. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin Salshiyas. Yawancin waɗannan kifaye, musamman na tafki, sun fi son ruwa mai ɗan ma'adinai, pH (ma'aunin tsamin ruwa) daga 7 zuwa 8. Amma ban ga amfanin bin lamba da zuba magunguna kullum ba. Ruwan da bai cika daidai ba amma yana nan yadda yake, ya fi wanda ake ɗaga shi ana sauke shi.

Canjin ruwa shi ne aikin da ba shi da hutu. Kowane mako ka zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari da tiyo, kana bin tsakuwa don fitar da datti, ka mayar da sabon ruwa da aka cire masa kulorin, mai zafi kusa da na tankin. Bakan gizo yana nuna ƙazantar ruwa tun kafin ya kwanta ciwo: launi ya dushe, fiffike ya manne da jiki. Soson filta kuma a ruwan da ka zuƙo daga tankin za ka wanke shi, domin kulorin na famfo zai kashe bakteriyar da ka yi makonni kana jira.

Ka sayi aƙalla shida na iri ɗaya, in da hali takwas ko goma, maza da mata a haɗe, matan su ɗan fi yawa. Mutane sukan so su ɗebi maza zalla tunda su ne masu kyau, sai su rasa abin da ya fi daɗin kallo. Namiji yana ƙure adonsa ne in yana da macen da zai burge da kishiyan da zai yi wa fankama. Da sassafe, in haske ya fara shiga tankin, za ka ga mazan sun buɗe fiffike suna jerawa gefe da gefe, wani layi mai haske yana walƙiya daga bakinsu zuwa doron baya, yana kunnuwa yana mutuwa kamar ana danna tocila. Ba safai suke ji wa juna ciwo ba in akwai fili. Abokan zama kuwa, kifayen ƙasa masu sanyin hali irin su koridoras sun dace. Kifi mai nawa ko mai dogon fiffike zai sha wahala, domin kafin ya juyo an cinye abincin.

Haɗamarsu kan ruɗi mutum. Bakin yana da ɗan girma amma maƙogwaron ƙarami ne, don haka abincin ya zama ƙanana: na gwangwani mai laushi da za ka murtsuke da yatsa, wanda ke da spirulina (wani irin gansakuka) a ciki, tunda a daji suna cin gansakuka da ƙwari. Wani lokaci ka ƙara musu da tsutsotsin sauro ko ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira dafniya. Sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, ya wadatar. Sabon kifi kuma ka ajiye shi a wani tanki daban na mako 3 zuwa 4, kana duba ko akwai farin tabo a baki ko gyambo a jiki, kafin ka haɗa shi da na gida.

In kana da niyyar hayayyafa, kada ka cakuɗa iri. Suna barbarar juna cikin sauƙi, 'ya'yan su fito ba su yi uwa ba, ba su yi uba ba. Kiyaye tsantsar iri ba ƙaramin abu ba ne: kifin bakan gizon tafkin Eacham a jihar Kwinsland ta Ostireliya ya ɓace daga tafkin a shekarun 1980 bayan an zuba wasu kifaye a ciki, amma aka samu irinsa a tankunan masu kiwo, daga baya kuma aka gano shi a wasu rafuka na yankin.

Hayayyafar kanta ba wuya. Ka ɗaure zaren ulu tufka guda, ka rataya a cikin ruwan. Macen tana zuba ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kowace safiya, kowanne da siririn zare da yake maƙalewa da shi. Bayan 'yan kwanaki ka ɗauke ulun zuwa ƙaramin tanki mai ruwa iri ɗaya, domin iyayen suna cin 'ya'yan. Ƙyanƙyasa takan ɗauki kwana 7 zuwa 12, gwargwadon iri da zafin ruwa. 'Ya'yan ƙanana ne ƙwarai kuma a saman ruwa suke zama, don haka abincin farko ya zama gari mai laushi sosai da ke yawo a sama, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Filtar soso za ka sa musu, mai jan ruwa da ƙarfi zai haɗiye su. Ka riƙa canja ɗan ruwa a kai a kai, kuma kada ka mayar da su wurin manya sai sun fi ƙarfin bakinsu.