Yadda Ake Bin Ranakun Watan Tishri

Mai son fahimtar watan Tishri na kalandar Yahudawa, wanda ke zuwa tsakanin Satumba da Oktoba, sai ya riƙa lissafi daga faɗuwar rana, domin a lokacin ranarsu take somawa. Ranakun 1 da 2 na sabuwar shekara ne, Rosh Hashana, inda ake busa ƙahon rago, a tsoma tuffa cikin zuma don fatan alheri. Daga nan mutum ya nemi yafewar waɗanda ya ɓata wa rai, abin da a ganina ya fi azumin kansa wuya, kafin ranar 10, wato Yom Kippur, da ake kamewa kimanin awa 25 ba ci ba sha. Kafin ranar 15 kuma ake kafa bukka mai rufin ganye, a ci abinci cikinta har kwana 7.